Niƙaba, jam'iyya ilmiyya, tadamun: ana neman Hausarsu kafin Alhamis

Mai shiri, Gadarif:
Assalamu alaikum malamai. Akwai shirin rediyo na minti 20 da za a naɗa ranar Alhamis saboda Ranar Ma'aikata, 1 ga Mayu. Batunsa yadda ƙungiyoyin malaman jami'a da na masana ke tsaya wa haƙƙin ma'aikata. Rubutun da Larabci yake, kuma kalmomi uku sun tokare: niƙaba, jam'iyya ilmiyya, tadamun. Masu sauraro a nan Gadarif ta Sudan manoma ne da 'yan kasuwa da masu yankan riɗi, sai ɗalibai. In aka sa "ƙungiya" a biyun farko, "haɗin kai" a ta uku, sakin layi guda sai ya koma ƙungiya ta haɗa kai da ƙungiya, ba a san wa ya yi wa wa ba. A taimaka.

Tafinta, Jidda:
Wa alaikumus salam. Kada ka bar jam'iyya yadda take. A kunnen Bahaushe jam'iyya ta siyasa ce, mai tuta da ɗan takara. Jam'iyya ilmiyya ka ce ƙungiyar masana. Niƙaba, ƙungiyar ƙwadago. Tadamun, goyon baya. In ittihad ta zo maka, haɗaɗɗiyar ƙungiya. Tajammu kuma gamayya.

Ustaza, Kassala:
Biyun farko na yarda, kuma dole a raba su tun a jimlar farko, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar ƙwadago ita ke zama da mai biyan albashi ta ƙulla yarjejeniya da sunan kowa, ita ke kiran yajin aiki, ita ke karɓar kuɗin wata daga albashin mambobi. ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, haka take: an kafa ta a 1978, gwamnatin soja ta haramta ta a 1988, ta sa hannu a yarjejeniyar 2009, ta yi yajin wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. Ƙungiyar masana kuwa taron shekara take yi, ta buga mujalla, ta tsara ƙa'idojin sana'a. Ba ta da mai biyan albashi ɗaya da za ta tunkara, don mambobinta suna jami'o'i daban-daban. Abin da ke hannunta shi ne sunanta, da kuɗin taronta, da zaɓin inda za ta kai taron. To a nan goyon baya ya gaza. Goyon baya ana iya yin sa da takarda shafi ɗaya a koma barci. Tadamun da rubutun ke nufi akwai asara a cikinsa.

Mai shiri, Gadarif:
Ustaza, a ba ni misalin asarar, wanda zan iya faɗa a rediyo.

Ustaza, Kassala:
A 2004 masu otal-otal 14 a San Faransisko ta Amurka sun rufe wa ma'aikatansu ƙofa saboda rikicin yarjejeniya. Ƙungiyar masana ilimin al'adun ɗan Adam ta Amurka tana da taron shekara a ɗaya daga cikin otal ɗin a watan Nuwamba. Shiga otal ɗin yana nufin mambobi su ratsa ta cikin masu share ɗakuna da masu girki da ke tsaye a ƙofa. Sai aka ɗaga taron zuwa Disamba aka kai shi Atlanta. Waɗanda suka riga suka sayi tikitin jirgi suka yi asara, mahalarta suka ragu sosai. Duk da haka wasu mambobi sun soki matakin, don otal ɗin Atlanta ma na wannan kamfanin ne. Ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka ita ma ta ɗauke taronta na 2011 daga Chikago zuwa Las Begas saboda rikicin ma'aikatan otal. Inda abin ke ɓaci shi ne ana ƙulla kwangilar otal shekaru kafin taro, da tara mai nauyi ga wanda ya fasa. Ƙungiyar da ba ta sa sharaɗin janyewa idan rikicin ma'aikata ya taso ba, ranar da ya taso sai ta zaɓa tsakanin asusunta da ma'aikatan.

Dattijo, Mai Wurno:
To ai kun faɗi kalmar ba ku sani ba. Gayya. Mutum ya bar gonarsa ya je ya noma ta wani, ba lada sai fura, gobe shi ma a zo masa. Maƙwabtanmu nafir suke ce mata. Me ya kai mu aron goyon baya daga bakin 'yan jarida alhali kakanninmu sun bar mana gayya? Tadamun: gayyar ma'aikata. Yajin da aka yi don taya wasu: yajin gayya. Ƙungiyar da ta ɗauke taronta ta amsa gayya. Ɗana, ka rubuta haka.

Tafinta, Jidda:
Baba, Allah ya ƙara girma, ma'anar ta zauna amma lafazin zai cuce shi. Akwai ɗaya gayyar, ta "da gayya ya yi". Duk wanda ya ji yajin gayya, yajin ƙeta zai fahimta, wato malamai sun rufe aji don su ƙuntata wa ɗalibai. Wannan kuwa shi ne ainihin zargin da ake yi musu duk lokacin yaji. Shirin zai ba masu zargin makami.

Dattijo, Mai Wurno:
Mai kunne yana rarrabe su a furuci. Rediyo ne, ba jarida ba.

Ɗalibi, Madina:
Baba, mai kunnen da ya tashi a gona yana rarrabewa. Yaran Bur Sudan da na nan Hijaz da yawa ba su taɓa ganin aikin gayya ba. Kuma gayya kira ne na mai gona, shi ke gayyata. A misalin Ustaza ma'aikatan otal ba su ne suka shirya taron ba. Ni da "kara" na fi so: ƙungiyar ta yi wa ma'aikata kara.

Ustaza, Kassala:
Kara tana da taushi da yawa. Kana yi wa mutum kara ne don kunya ko girmamawa, ko da ba ka ga gaskiyarsa ba. Kuma daga sama take saukowa, kamar alfarma.

Dakta, Bur Sudan:
Kafin a wuce, ni ban amince da ƙungiyar ƙwadago ga malaman jami'a ba. Ƙwadago a Hausarmu aikin yini ne, a biya ka da yamma. Farfesan da ya yi shekara 30 yana bincike ba ɗan ƙwadago ba ne, kuma in aka faɗi haka a Gadarif, inda kowa ya san su wane ne 'yan ƙwadagon kaka, dariya za a yi. Tarihin ƙasar nan ma ya raba su. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da suka fara tsara kansu a 1946 ummal ne, wato ma'aikata. Waɗanda suka haɗu a Jabhatul Hai'at, gamayyar ƙungiyoyin sana'o'i, a Oktoban 1964, malaman Jami'ar Khartum da likitoci da lauyoyi, mihaniyyin ne, wato ƙwararru. A ce ƙungiyar ƙwararru.

Ustaza, Kassala:
Dakta, wannan ƙyamar tsohuwa ce kuma ba a kanmu aka fara ba. Da John Dewey da Arthur Lovejoy suka kafa ƙungiyar farfesoshin Amurka, AAUP, a 1915, nesanta ta suka yi da ƙungiyoyin ƙwadago. Sai a farkon shekarun 1970 ta rungumi ciniki kan albashi da sunan mambobi, a 2022 kuma ta ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon malamai ta AFT. Albashi da kwangilar wucin gadi ne suka kai ta can. A nan gida, Gamayyar Ƙwararrun Sudan da ta ja zanga-zangar Disamban 2018, da me ta shiga fage? Da mafi ƙarancin albashi, wanda yake fam 425 a lokacin. Maganar masu shara da masu gadi ce kafin ta zama ta likita. In muka cire ƙwadago daga sunan don kare darajar farfesa, mun cire abin da shirin ya zo faɗa.

Dakta, Bur Sudan:
Ba raina ɗan ƙwadago nake ba, Ustaza. Cewa nake kalmar ta Kano da Kaduna ce, can ne suka saba da ministan ƙwadago. Mu nan niƙaba muke cewa ko muna Hausa, tsohuwa a Mai Wurno ma ta san niƙaba. Don me kullum sai mun jira abin da gidajen rediyon waje suka faɗa kafin mu yarda Hausa ce? Hausar da ta ƙetare Nilu fiye da shekara ɗari tana da ikon aron nata.

Dattijo, Mai Wurno:
Aro kan aro ke nan. Wancan ya ɗauko na jarida, wannan ya ɗauko na Larabawa. Yaranmu suna cewa idrab, suna cewa murattab, an bar yaji an bar albashi. In rediyon ma ya bi su, wa zai riƙe harshen?

Tafinta, Jidda:
Baba, albashi da haƙƙi ma ba a gonar kakanni suka tsiro ba, amma mu bar wannan. Dakta yana da gaskiya a abu ɗaya: mai sauraro a Gadarif niƙaba ya sani. Sai dai shirin in ya hau intanet za a ji shi a Makka da Zinder da Kumasi. A nan Saudiyya babu niƙaba ma sam, kwamitin ma'aikata doka ta yarda da shi, a kamfani mai 'yan ƙasa fiye da 100, don haka ɗan nan bai san abin a aikace ba. Dabarar aiki ita ce a faɗi duka biyun sau ɗaya, "ƙungiyar ƙwadago, wato niƙaba", daga nan a riƙe ɗaya har ƙarshe.

Ɗalibi, Madina:
Mu koma kan tadamun, lokaci na tafiya. Wataƙila matsalar ita ce muna neman suna, alhali Hausa da aikatau take faɗin irin wannan. Sun tsaya musu. Sun tsaya tare da su. Sun mara musu baya. Sun ƙi shiga otal ɗin. Kowace jimla a ba ta aikataunta.

Ustaza, Kassala:
Wannan ya fi. Kuma a bi matakin abin. In sanarwa kawai aka fitar, sun nuna goyon baya. In an tara kuɗi a asusun masu yaji, sun tallafa. In an ɗauke taro, ko an ƙi karɓar aikin wanda ke yaji, ko an sa jami'a cikin jerin waɗanda aka tsawatar wa kamar yadda AAUP ke yi, sun tsaya musu. In an ajiye aiki don wasu, yajin mara baya. Inda dole sai suna, kamar a taken shiri, tsayawa tare. Haɗin kai a bar shi ga cikin ƙungiya ɗaya, tsakanin mambobinta.

Mai shiri, Gadarif:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zai shiga: ƙungiyar masana, ƙungiyar ƙwadago, wato niƙaba, a ambaton farko, ƙwararru ga mihaniyyin a maganar 1964 da 2018, tsayawa tare a take, aikatau a cikin jimloli. Baba, gayya za ta shiga wuri ɗaya, inda ake bayyana wa manoma ma'anar, kuma "aikin gayya" za a ce cikakke.

Dattijo, Mai Wurno:
Wuri ɗaya. To. Tsayawa tare ba kalma ba ce, jimla ce aka gutsure, amma shirinka ne.

Dakta, Bur Sudan:
Ni har yanzu ƙwadago bai kwanta mini ba. Akwai kuma wadda ba a taɓa ba, kuma za ta zo maka in rubutun ya kai dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Sudan ta 2010: niƙabatul mansha'a, tsarin da ya cusa farfesa da direba da mai gadi na wurin aiki ɗaya cikin ƙungiya ɗaya, wanda ƙwararru suka yi ta yaƙa suna neman niƙabar sana'a. In ka fassara ta da sakaci, mai sauraro zai ɗauka ita ce tsayawa taren da kake yabo, alhali ƙorafin da ake yi shi ne hukuma ta yi amfani da ita ta danne muryar kowane rukuni.

Mai shiri, Gadarif:
Tana shafi na huɗu. Na sa "ƙungiyar ma'aikata guda" da fensir. In akwai wadda ta fi, a turo kafin azahar ɗin Laraba, lokacin ake miƙa rubutun.