Yakisoba tana caɓe min a kasko, ina nake kuskure?

Assalamu alaikum. Akwai wani gidan abinci a Abuja da nake cin yakisoba, soyayyar taliyar Japan ɗin nan mai kabeji da karas da nama. Tasu tana fitowa warara, kowane sili daban, ga ɗan ƙauri mai daɗi. Sau huɗu ke nan ina gwadawa a gida, duk caɓewa take yi.

Haɗin miyar ba shi da laifi. Worcestershire (wani sos ɗin Turawa mai ɗan tsami) cokali 3, ketchup cokali 1, soya sos cokali 1, da ɗan sukari, ɗanɗanon ya kusa nasu sosai. Taliyar ce ta ƙi ni. Da farko na yi da Indomie, ban sa maginta ba, minti 2 kawai ta yi a wuta, amma ina juyawa ta kakkarye ta koma kamar fate. Sai na koma taliyar leda, na tafasa ta da ɗan baking soda. Ta yi rawaya, ta yi danƙo, har na fara murna. Ina zuba kabeji ruwa ya taru a gindin kaskon, suya ta koma dahuwa. Da ruwan ya tsotse kuma rabinta ta kama, sai da na sa cokali na kankare.

Murhun gas ne, kaskon ba kauri, kuma na mutum 4 nake yi lokaci guda, don yara ba sa jira. Su can gidan abincin a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi suke soyawa.

Da irin wannan kaskon nawa, ta yaya zan hana ruwan kabejin taruwa har taliyar ta soyu? Na gode.