Sagewar yatsu da dare: tiyata ce mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Mahaifiyata minjirya ke tashinta da dare, babban yatsa da manuniya da na tsakiya su sage. Likita ya ce jijiya ce ta matsu a wuyan hannu, sai an yi aiki. Me ake yankawa?

Abu Sadik: Wa alaikumussalam, Allah ya ba Mama lafiya. A wuyan hannu akwai wata 'yar hanya, ƙashi a ƙasa, tantani mai tauri ya rufe sama, ta nan jijiyar ke shiga tafi. Tantanin nan ake tsagawa, ita jijiyar ba a yanka ta. Ana yin allurar kashe wurin, a tsaga tafin hannu kamar santimita 2 zuwa 3 daidai layin yatsan zobe. Minti 15 zuwa 20 an gama, ranar za ta koma gida, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ki dubi tudun naman gindin babban yatsanta, ki gwada da ɗaya hannun. In ya fara lotsawa, kada a ja lokaci.

Ummu Khalil: In bai lotsa ba, a fara da takalmin hannu na kwana, wato abin da ake ɗaurawa ya riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin barci, har mako 6, ko allurar rage kumburi. A auna suga, a yi gwajin jijiya na lantarki, don matsewar jijiya a ƙashin wuya ma kan yi kama da wannan, aikin tafi kuwa ba ya maganinta.

Abu Sadik: Haka ne. Inda aikin ya fi ɓaci shi ne a bar ƙarshen tantanin ba a tsage shi duka ba, sai ciwon ya ƙi tafiya. Akwai kuma siririn reshen jijiyar mai motsa babban yatsa, in aka yanke shi ɗaukar allurar ɗinki ma sai ya gagara. Tashin dare kan daina cikin kwanaki, amma sagewar da ta daɗe sai watanni. Ta riƙa ɗaga hannun tana motsa yatsu tun ranar farko, daka da matsar wanki kuma sai bayan mako 4 zuwa 6.

Baban Walid: In ƙaramin yatsa ne ya sage, wata jijiyar ce daban, a gwiwar hannu take matsuwa, wani lokaci har a kan matsar da ita gaban gwiwar. A ƙafa kuma akwai wadda ke zagaye ƙashin gefen gwiwa, ita ce in ta matsu ƙafa ke lanƙwashewa ƙasa mutum yana jan yatsu.