Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sandbox" a darasin biyan kuɗi ta intanet?

Malamar Manhaja:
Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema cikin gaggawa. Ranar Asabar zan koyar da matasa a nan Kano yadda ake haɗa shafin saye da sayarwa da hanyar karɓar kuɗi, kuma takardar darasin dole ta isa wurin mai bugawa ranar Alhamis da safe. Da Hausa nake rubuta ta daga farko har ƙarshe. Na maƙale a kalma ɗaya: sandbox.

Kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin ɗan kasuwa, irin su Paystack da Flutterwave da PayPal, kowanne yana da wani ɓangare da ya keɓe, kamarsa ɗaya da na gaske, amma ko kwabo ba ya motsi a cikinsa. Za ka sa lambar katin da su suka ba ka, ka danna biya, a ce maka an biya, rasit ya fito, alhali babu bankin da aka taɓa. Sai ka ga komai ya zauna daram sannan ka juya zuwa na gaske. Sunan wurin nake nema, da sunan juyawar. Don Allah kar a ce mini "akwatin yashi", wato fassarar sandbox kalma da kalma. Na karanta wa ƙanena, ya ɗauka maganar kayan gini nake yi.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗakin gwaji.

Maman Biyu:
Ɗakin gwaji na asibiti ne, inda ake ɗibar jini. Ni dai filin gwaji ya fi kwanta mini.

Ɗan Sabon Gari:
To a ce zakaran gwajin dafi mana. Kowane Bahaushe ya san shi.

Mai Rubuta Kod:
A'a ɗan'uwa, wannan ya saɓa wa ma'anar baki ɗaya. Zakaran gwajin dafi da dafin gaske ake gwada shi, kuma da gaske yake mutuwa. Shi ne kwastoman farko da ka bari ya biya da katinsa na gaske don ka ga ko abin zai yi. Sandbox kuwa an yi shi ne domin kar a kai ga zakaran.

Malama, kafin a yi nisa, ki duba abin da ɗalibanki za su gani da idonsu. PayPal ne ke yawan cewa sandbox, har da adireshinsa daban, inda ake buɗe asusun mai saye da na mai sayarwa. A Paystack kalmomi biyu za su gani a kan allo, test da live, da ɗan maɓallin da ake juyawa tsakaninsu. Makullan, wato lambobin da kamfanin ke ba ka don haɗa shafinka da asusunka, su ma haka: na gwaji suna farawa da pk_test_ da sk_test_, na gaske kuma pk_live_ da sk_live_. Duk sunan da za a zaɓa, ya zama yana da abokin tafiya, don bibbiyu za su riƙa zuwa: makullin kaza da makullin kaza, katin kaza da katin kaza.

Tsohon Malamin Hausa:
Allah ya yi muku albarka. Ina karanta ku, ina ganin kuna ta ɗauko kalma biyu kuna ɗaurawa da igiya, alhali Hausa tana da hanyarta ta haifar da sunan wuri tun kaka da kakanni. Inda ake karatu makaranta, inda ake ƙira maƙera, inda ake rini marina, inda ake jima majema, inda ake saƙa masaƙa. To inda ake gwadawa fa? Magwada. Kalma ɗaya tak, ba aro, ba kame-kame. 'Yata, rubuta magwada ki huta.

Maman Biyu:
Baba, ni da na karanta sai na ji kamar mutane ake nufi, wato masu gwadawa.

Tsohon Malamin Hausa:
Haka maƙera take, haka makaranta take. A rubuce ɗaya ne da masu ƙira da masu karatu, karin sauti ne ya raba su, kuma ban taɓa jin yaron da aka ce ya tafi makaranta ya tsaya yana tambayar waɗanne mutane ba. Sunan wuri sama ake ɗaga shi gaba ɗaya. Ga magwaji ma muna da shi, abin da ake awo da shi. Gidansu ɗaya.

Malamar Manhaja:
Na gode Baba, kuma ginin kalmar ya burge ni. Amma ku taya ni jin waɗannan: "makullin magwada", "katin magwada", "kuɗin magwada". Sannan: "makullin gwaji", "katin gwaji", "kuɗin gwaji". Na biyun ba sai na yi bayani ba.

Mai Turare:
Ni ba malama ba ce, 'yar kasuwa ce, amma bari in faɗi abin da ya same ni, wataƙila ya yi amfani. Wani yaro ya gina mini shafi gab da ƙaramar Sallah. A gabana ya gwada, ya sa lambar kati, alamar kore ta fito, na ga "an biya" da idona. Na yi ta tallata shafin a WhatsApp. Da yamma sai kira ya fara shigowa, wannan ta ce katinta ya ƙi, waccan ta ce an mayar da ita baya, wata har ta yi mini magana mai zafi don ta ɗauka da gangan ne. Ashe bai sauya makullin ba. Da na tambaye shi sai ya ce ai yana kan test ne, kamar na san abin da hakan ke nufi. Da ce mini ya yi "Hajiya, har yanzu na gwaji ne, kuɗin gaske ba zai shiga ba", da ban tura wa kowa ba. Don haka duk abin da za ku sa, ya zama irina za ta ji ta gane nan take cewa kuɗi ba ya shiga.

Mai Rubuta Kod:
Hajiya, Allah ya tsare gaba, kuma kin yi sa'a a nan abin ya tsaya. Lambobin katin gwaji ba sirri ba ne, a buɗe suke a shafukan kamfanonin. Na Paystack 4084 0840 8408 4081, na Stripe, wani kamfanin karɓar kuɗi, kuma 4242 sau huɗu, duk mai wannan sana'a ya haddace su. Shafin da aka bari da makullin gwaji yana ƙin katin gaske, amma yana karɓar waɗannan. Wanda ya sani zai iya zaɓar turaren dubu hamsin, ya sa lambar, shafin ya rubuta an biya, a ɗaure kaya a ba ɗan sahu.

Malama, ki sa musu abu uku a darasin. Kar su tsaya a katin da ke wucewa, su gwada na faɗuwa: a Stripe 4000 0000 0000 9995 yana dawo da amsar babu isasshen kuɗi, su ga me shafinsu zai nuna wa mai saye. Na biyu, Paystack da kwabo yake lissafi, naira 5,000 sai a tura 500000, kuma wanda ya tura 5000 naira 50 ya nema. A wurin gwaji ake kama irin wannan. Na uku, kar a saki kaya don allon mai saye ya nuna kore, sai sabar shago, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta tambayi kamfanin ta tabbatar.

Ɗan Sabon Gari:
To a ce kuɗin bogi kawai, kowa zai gane ba na gaske ba ne.

Maman Biyu:
Subhanallahi, a'a. Bogi da jabu na 'yan damfara ne. Yaro ya koma gida da takarda an rubuta "katin bogi", me uban zai ce ana koya masa?

Tsohon Malamin Hausa:
Kun ga abin da nake gudu ke nan. Da zarar an bar hanyar da harshe ya shimfiɗa sai a faɗa kalaman tasha. Kuma ina tambaya: don me kullum sai mun auna kalmarmu da abin da ke rubuce a allon Bature? Su ma da suka ce sandbox ai wurin wasan yara suka ɗauko, ba su nemi izinin kowa ba. Mu ne kaɗai idan aka kawo kalma sabuwa sai a ce ba a saba ba. Manhaja da kuke ta faɗa yanzu, da can tsarin karatun makaranta kawai take nufi. An ɗora mata sabon kaya ta ɗauka. Jirgi na ruwa ne, muka yi na ƙasa muka yi na sama.

Mai Rubuta Kod:
Allah ya gafarta Malam, jirgin ƙasa da jirgin sama ai kalma biyu ne da aka ɗaura, irin filin gwaji. Kuma an yi shekaru ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a rediyo, amma a kasuwar Farm Centre kwamfuta ake saya. Gaskiya ni a wurin aiki sanbos muke cewa, kuma yaran nan idan suka je neman aiki ba wanda zai tambaye su magwada.

Tsohon Malamin Hausa:
Wato harshen da ka sha a nono bai isa ya shiga ofis ba ke nan. Shekarun da na yi a aji ban taɓa hana yaro koyon Turanci ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mai ilimi irinka, wanda ya fi kowa a nan sanin cikin abin, shi ne zai fara cewa ba za a iya ba.

Mai Rubuta Kod:
Ban ce ba za a iya ba, Baba. Duk bayanin da na yi a sama da Hausa na yi shi. A gafarce ni in maganata ta yi kaifi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan da Faransanci munka koyi abin ga, kuma su ma "bac à sable" suka cewa, akwatin yashin dai da Malama ta ƙi. Ba mu gane komi ba sai da munka taɓa da hannu. Filin gwaji ya yi mini, don ko a Damagaram ko a Tawa za a gane shi. Amma ina da ƙorafi: kullum a Kano ake yanke kalma, sai dai mu ji ta a rediyo. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In za a yi kalmomin kimiyya, a riƙa tambayar ƴan wannan gefen.

Ɗan Sabon Gari:
Ai ga shi an tambaye ka, kuma ka zaɓi na Maman Biyu.

Ɗan Maraɗi:
Ba a tambaye ni ba, ni na shigo.

Ma'aikacin Rediyo:
Ku yi haƙuri in ƙara muku aiki. A watan Janairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin abin da shi ma ya kira sandbox, irin wanda hukumar kula da harkar kuɗi ta Birtaniya ta fara a 2016. Wancan ba na kuɗin gwaji ba ne. Kamfani ne ake ba dama ya gwada sabuwar hanya da mutanen gaske, a ƙaramin mataki, hukuma na sa ido. Idan filin gwaji ya zauna da ma'anar "kuɗi ba ya motsi", ranar da zan karanta labarin Babban Banki ba zan iya amfani da shi ba, don zan yaudari mai sauraro. Turanci ne ya haɗa abu biyu a suna ɗaya, ba dole mu bi shi ba. Mu a labarai "gwaji ƙarƙashin kulawar Babban Banki" ya ishe mu.

Sannan Malama, don Allah kar ki fassara live da "kai tsaye". Wannan namu ne na watsa shiri. Na ga an fara rubuta "makullin kai tsaye", ba ya nufin komai.

Maman Biyu:
Na gaske. Makullin gwaji, makullin gaske. Shi ke nan.

Tsohon Malamin Hausa:
Wannan kam ba ni da ja. Amma "na ainihi" ya fi nauyi a rubuce.

Mai Turare:
Na gaske dai, Baba. Shi muke faɗa a kasuwa.

Malamar Manhaja:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Lokaci ya ƙure, ga abin da zan kai wa mai bugawa:

"Filin gwaji wuri ne da kamfanin karɓar kuɗi ya keɓe domin ka gwada shafinka. A cikinsa ana aiki da makullin gwaji da katin gwaji, kuma kuɗin gaske ba ya shiga, ba ya fita. A allo za ka ga an rubuta test ko sandbox. Kada ka ba kowa adireshin shago sai ka cire makullin gwaji ka sa na gaske, ka sayi abu mafi araha da katinka, ka ga alat."

Juyawar ce ban samu kalma ɗaya ba. Na rubuta "komawa na gaske", amma bai gamsar da ni ba, don ba a taɓa zuwa can ba balle a koma. Baba, na sa magwada a jerin kalmomi na shafin ƙarshe, kusa da filin gwaji, kuma zan furta ta a aji in ji yadda za su karɓa.

Tsohon Malamin Hausa:
Shafin ƙarshe ba kowa ke kaiwa ba. Amma takardarki ce, kuma sakin layin ya yi Hausa, ban ga abin gyara ba sai alat. In za ki furta, ki ɗaga sautin duka, kar ki karya shi a tsakiya. Ni dai magwada zan ci gaba da cewa.

Ma'aikacin Rediyo:
Maimakon komawa, ki gwada "sauya zuwa na gaske".

Mai Rubuta Kod:
Sauyawa ta fi. Ki ƙara layi ɗaya, Malama: makullin da ya fara da sk_ ba a sa shi a shafin da mai saye ke gani, ba a tura shi a WhatsApp, ko na gwaji ne. Hannun da ya saba da na gwaji haka zai yi da na gaske.

Malamar Manhaja:
Na ƙara. Alat kuma na bar shi, Baba, a yi mini haƙuri.