Waɗanda aka taɓa zana fuskarsu a Legas, ku zo mu ji

Mai buɗe zance, Agege: Assalamu alaikum. Zanen fuska da fenti ya zama yayi a garin nan, har kyautar biki ake yi da shi. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai zane, ko ya ba da hoton wani nasa aka zana, ya faɗa mana: da aka gama, kai ka gani a jiki, ko wani daban aka miƙo maka?

Ɗan canji, Ikeja: Wa alaikumus salam. Wani aka miƙo mini, ɗan'uwa. Wani ɗalibin zane ne ya roƙe ni in zauna masa. Na je da shat da wando, yadda nake fita kasuwa kullum. Yaron ya ce a'a, in koma in sa babbar riga, in riƙo carbi. Na biye masa. Ranar da na je gani, sai ga rawani a kaina, ga raƙumi a bayana, ga rairayi iya ganinka. Ni da aka yanke wa cibiya a Agege, Yarbanci a bakina kamar ruwa, raƙumi kuwa ko igiyarsa ban taɓa riƙewa ba! Hannun yaron yana da kyau, har tabon sallar goshina ya fitar. Amma “aboki” ya zana, wanda yake cikin kansa tun kafin ya san ni.

Hajiya, Idi-Araba: Alhaji, gara kai ƙari aka yi maka, mu ragi aka yi mana. Bayan rasuwar Innarmu na kai wani ɗan hotonta a zana mana babba. Mai zanen ya share billen da ke kumatunta, ya ƙara mata hasken fata, ya cike wushiryarta. Wai gyara ya yi. Ƙanwata tana gani ta ce, “Wannan kuma matar waye?” Billen nan da shi muka buɗi ido muka gan ta. Na mayar masa da kayansa.

Mai zane, Yaba: Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Tun da sana'ata ake taɓawa, bari in sa baki. Zanen fuska ba hoton fasfo ba ne, dole mai zane ya zaɓi abin da zai nuna, kuma sakawa a bayan mutum ba laifi ba ne. Mai zane Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya zaunar da Obama cikin ganye da furanni a zanen da aka buɗe a 2018, furannin suna nuni da Kenya da Hawaii da Chicago, wuraren da suka yi shi. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, tana Amurka, amma hotunan gida da na tsofaffin mujallun Najeriya take mannawa a bango da tufafin mutanen da take zanawa. Duk daga rayuwar mai fuskar aka ɗebo. Raƙumin Alhaji kuwa daga ina? Da yaron ya zauna sun yi hira ya ji labarinsa, da gadar Agege zai sa.

Ɗaliba, Akoka: Yaya mai zane ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina yawan leƙa gidan zanen Nike da ke Lekki, na kuma je ART X, baje kolin da ake yi a Victoria Island tun 2016. Ayyuka masu kyau ƙwarai. Sai dai a wuraren sayar da zane na garin nan, in ka ga fuskar ɗan Arewa, mahayin dokin sallah ne ko Bafulatana da ƙwaryar nono. Shi ya sa da ƙawata za ta zana ni na ce da hijabina da farar rigar ɗakin gwaji, ba lalle, ba ƙwarya. Ta ce ba zai sayu ba. Na ce dama ba na sayarwa ba ne.

Dattijo, Mile 12: 'Ya'yana, ni ɗana ya kawo mini nawa ba tare da shawara ba. Kamannina sun fito, har furfurar gemu. Amma abin da na karanta a gaban malamaina game da surar mai rai bai bar ni na rataye shi ba. Yana bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. Ban hana wani nasa ba.

Mai zane, Yaba: Mun ji, Baba, Allah ya ƙara girma. A dai kula da danshi. Tutu, zanen gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya yi a 1974, shekaru ya yi a ɓace kafin a tsince shi a wani gida a Landan, aka sayar fam miliyan 1.2 a 2018. Hajiya, an mayar da billen kuwa?

Hajiya, Idi-Araba: An mayar, ɗana. A kumatun dama ya sa shi, nata kuwa a hagu yake. Gobe zan sake komawa.