Baƙin rami ƙofa ce zuwa wata duniya?

Auta: Salamu alaikum. Yau a makaranta a Yelwa mun kai ruwa rana kan baƙin rami, wato black hole na sararin samaniya, kuma ina nan kan bakana: ƙofa ce zuwa wata duniya. Masana kimiyya Einstein da Rosen sun nuna tun 1935 cewa lissafin Einstein kan nauyi yana ba da gada mai haɗa sarari biyu.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Kai Auta, bar maganar ƙofa tukuna. An ce ko haske ba ya fita daga cikinsa. To wa ya gan shi har aka san da shi?

Malama: Kawu, samuwarsa kam babu tantama. A tsakiyar gungun taurarinmu akwai tauraro da ake kira S2, yana kewaya wani wuri mai duhu, duk shekara 16 ya zagayo. Daga gudunsa aka lissafa nauyin abin da ke jansa, ya kai na rana miliyan 4. Genzel da Ghez sun samu kyautar Nobel a 2020 kan wannan aiki. A 2019 kuma aka fitar da hoton baƙin ramin da ke tsakiyar wani gungun taurari mai suna M87: zobe mai launin wuta, tsakiyarsa baƙi ƙirin.

Injiniya: Nauyi ne ya taru a ƙaramin wuri, Kawu. Da za a matse duniyar nan har ta zama baƙin rami, ba za ta kai girman goro ba. Shi kuwa nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci. Agogon da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS kullum yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa, dole ake gyara shi, in ba haka ba taswirar wayarku ta nuna kuna Wunti alhali kuna wani gari.

Kawu: Ikon Allah.

Auta: Yauwa Yaya! Tunda sarari na lanƙwasuwa, me zai hana ya ɓulle ta wani gefen?

Malama: Nan ne nake rabuwa da kai, ƙanena. Gadar da kake faɗa ta fito ne a lissafin ramin da ba shi da farko, wanda tun fil'azal yana nan. Ramukan da suka samu daga babban tauraro da makamashinsa ya ƙare ya rufta, lissafinsu bai nuna wancan gefen ba sam. Ita kanta gadar, Fuller da Wheeler sun nuna a 1962 cewa tana tsukewa ta tsinke kafin ko haske ya ƙetare. Abin yana damuna, don ɗalibaina suna zuwa aji da wannan magana kamar an tabbatar, sai su raina abin da aka auna da gaske.

Auta: Amma Yaya, ba wanda ya shiga ya dawo ya ce babu.

Injiniya: Nan Auta yana da 'yar gaskiya. A can tsakiyar ramin lissafin Einstein ya daina aiki, sai an samu wanda ya haɗa shi da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra.

Malama: Na yarda. Amma inda lissafi ya tsaya ba ya zama hujjar ƙofa. Auta, kawo mini abu ɗaya da na'ura ta auna, kamar girgizar sarari da na'urar LIGO ta ji a 2015 bayan ramuka biyu sun haɗe.

Auta: Ba ni da shi yanzu. Turo mini bayanin aikin 1962 ɗin in karanta, amma ban janye ba.