Neman shawara kan dokar ajiye giya a shago a Ayalan

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kanti a Dublin, maigidana ya yi tafiya ya bar mini amanar wurin. Tun 12 ga Nuwamba 2020 doka ta ce a raba giya da sauran kaya: ko shinge mai tsayin mita 1.2, ko kabad da bai wuce uku ba, kowanne faɗin mita ɗaya. Mu kuwa firjin giya huɗu gare mu. Na gwada shingen, sai ya toshe hanyar wata tsohuwa mai keken guragu da ke zuwa sayen madara kullum. Abin ya tsaya mini a rai. Idan na rufe gilashin firji na huɗu, ya wadatar? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.