Tambaya: yaya aka yi Hawa Yakubu ta Bawku ta shiga majalisar dokokin Gana ba tare da jam'iyya ba?

'Yar Zongon Kumasi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Kakata ce ta jawo wannan tambayar. Jiya muna kallon zaman majalisa a talabijin, wata 'yar majalisa ta miƙe tana magana, maza suna ta katse ta da hayaniya. Sai tsohuwa ta ja tsaki ta ce, "Da Hawa ce, wa ya isa." Na ce wace Hawa? Ta yi mini wani kallo kamar na tambaye ta sunan ubana.

Ita haifaffiyar Bawku ce, a 2001 ta dawo wajenmu Kumasi, ni kuwa lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Abin da na tsinta a bakinta shi ne matar ta ci zaɓe ba lema ba giwa, wato ba a jam'iyyar NDC mai alamar lema ba, ba kuma a NPP mai alamar giwa ba, kuma a Landan ta rasu. Mace, a arewa, a wancan zamanin? Ko dai tsohuwa ce ke ƙara gishiri?

Tsohon Direban Albasa ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kakarki ba ta ƙara gishiri ba, ragewa ma ta yi. Ni a 1992 ina jan lori, ina ɗauko albasa daga Bawku zuwa Kumasi, abin nan a idona aka yi shi.

Sai kin gane yadda shekarar ta kasance. Rawlings, shugaban mulkin soja, ya tuɓe kaki ya tsaya takarar shugaban ƙasa a NDC, a watan Nuwamba ya kayar da Farfesa Adu Boahen na NPP. 'Yan hamayya suka ce an yi musu maguɗi, suka yi fushi suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na ranar 29 ga Disamba. Kujera 200 ce a lokacin. NDC ta kwashe 189. Tara suka tafi ga NCP da EGLE, waɗanda ƙawayenta ne. Saura biyu kacal aka bar wa masu zaman kansu, kuma dukansu mata: Hawa Yakubu a Bawku ta Tsakiya, da Gladys Nsoah a Kintampo.

To ki auna. Majalisa ta zama gidan biki, duk wanda kika duba dangin ango ne. Minista ya kawo magana, kowa ya ce madalla. Sai mace ɗaya ta miƙe daga gefe ta ce ba ta gamsu ba, a yi mata bayani. Mu a tasha, idan an zo labaran majalisa a rediyo, har yaran mota sukan bar lodi su matso. Akwai wani mai shayi a wajenmu, ɗan lema ne na a mutu, amma in ya ji muryarta sai ya ƙara wa rediyo murya da kansa, yana zagi yana dariya. 'Yan jarida suka yi mata laƙabi da Turanci, ma'anarsa mace mai taurin ƙarfe.

Ba daga sama ta faɗo ba kuma. A Tarkwa aka haife ta a 1948, amma asalinsu Pusiga, kusa da Bawku. Aikin girki da kula da abinci ta karanta a Ankara, wato Accra, mu haka bakinmu ya saba. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta bar ƙasar, ta zauna Ingila da Najeriya. Ogede ɗin da za ki gani a ƙarshen sunanta na mijinta ne. Ta dawo gida ana gab da buɗe siyasa, da idonta a buɗe da bakinta.

Sauran kuwa hawa da sauka ne. A 1996 Hajiya Fati Seidu ta NDC ta kayar da ita. A 2000 ta dawo a ƙarƙashin giwa ta karɓe kujerar, Shugaba Kufuor ya ba ta ministar yawon buɗe ido, ba ta daɗe a kai ba, ta kuma wakilci Gana a majalisar ECOWAS. A 2004 Mahama Ayariga, yana matashi, ya kayar da ita. Ni a nawa ganin har da yanke Pusiga da aka yi a shekarar aka mai da ita mazaɓa ta daban, an raba ta da mutanen gida. Ta rasu a Landan a watan Maris na 2007, saura kwanaki ta cika 59. Allah ya jiƙanta.

Abin da nake so ki riƙe: daga 1993 zuwa farkon 2005, shekara goma sha biyu cur, mace ce ke wakiltar Bawku ta Tsakiya. In wani ya ce miki mutanen arewa ba sa zaɓen mace, ki aiko shi wajena.

Malamin Makaranta Nima ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai ka tsallake Disamba 2000 da gudu kamar ka hango shingen 'yan sanda. A kan sakamakon wannan kujerar ce rikici ya tashi a Bawku, aka kashe mutane da dama, aka ƙona gidaje. Tushensa tsohuwar rigimar sarauta ce tsakanin Kusasi da Mamprusi, wadda ta girmi Hawa da Fati a siyasa, kuma ba na ɗora wa ko ɗayarsu. Amma a Bawku ƙuri'a ba ta rabuwa da wannan rigimar. Da yawa ba mace suka zaɓa ba, ɓangare suka zaɓa. Ƙanwata, ki tambayi kakarki me ya fito da ita daga garin a 2001.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:

Malam, ko ɓangare suka zaɓa, ai a ɓangaren akwai maza, me ya hana a tsayar da su? Baba ya yi gaskiya. Abin da ke ba ni haushi ni lissafin ne. Tun 1960 Nkrumah ya sa aka yi doka aka shigar da mata goma majalisa, cikinsu har da Susanna Al-Hassan daga arewa, wadda ta zama minista. A majalisar Hawa ta farko mata 16 ne cikin 200. A zaɓen 2020, 40 cikin 275. Tafiyar hawainiya kenan. An zartar da dokar daidaita wakilcin mata a Yulin 2024, mun kuma samu mataimakiyar shugaban ƙasa, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang, amma zaɓen fid da gwani kuɗi yake ci, kuma kuɗin ba a hannunmu yake ba. Pusiga dai ta riƙe amana, tun 2013 Hajiya Laadi Ayamba ce a kujerar.

'Yar Zongon Kumasi ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Malam da Hajiya. Na karanta wa kakata duka. Maganar 2001 ta ce in bar ta, na bari. Amma da na zo kan 1996 sai ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Ashe Fati ta dangwala wa! Wai gidan kakanmu gidan lema ne, ba a yi masa gardama. Yanzu ta ce in tambayi Baba direba: mai shayin nan, ba wani dogo ba ne mai karyayyen haƙori, da ke zama ta bakin kasuwar albasa?